An ce a sa mahaifiyata cikin gwajin sabon maganin kansa, mu yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata mai shekara 54 tana fama da sankarar mama. Wata guda ke nan da aka yi mata tiyata, saura allurar kemo. Likitanta ya ce ana gwajin wani sabon magani a asibitin, mataki na uku, ya ba mu takardu mu je mu karanta. Kawunmu ya ce kada mu kuskura, wai zakaran gwajin dafi za a mai da ita, wasu ma ruwa zalla ake ɗura musu. Ya samo wani mai magani a Facebook da ya ce zai narkar da cutar cikin kwana arba'in. Yanzu Mama ko sunan asibiti ba ta son ji. Barci ya gagare ni.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne.

Shiga gwajin ko ƙin shiga, duka biyun haƙƙinta ne. In ta ce a'a, babu likitan da ya isa ya rage mata kulawa saboda haka, kemon da aka tsara mata tun farko shi za a ci gaba da shi. Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne cewa ba ta son jin sunan asibiti.

Maganar ruwa zalla tukuna. A mataki na uku ana raba marasa lafiya gida biyu, kwamfuta ce ke yin rabon kamar ƙuri'a, ba likita ba. Rukuni ɗaya su karɓi maganin da aka riga aka tabbatar, ɗayan su karɓi sabon, sau da yawa a kan wancan na farko. Ko an yi amfani da ƙwayar da ba komai cikinta, ƙari ce a kan maganin gaske, ba madadinsa ba. Ƙa'idojin Helsinki na binciken magani a kan mutane, waɗanda aka fara rubutawa a 1964 ake kuma ta sabunta su, ba su yarda a hana mai cuta mai kisa maganin da aka san yana aiki don a yi bincike ba. Tsoron kawunku yana da tushe, ban musa ba. A Tuskegee ta Amurka, daga 1932 zuwa 1972, an bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani, da sunan bincike, ana kallon yadda cutar ke cin su, har bayan da maganinta, fenisilin, ya samu. Irin wannan ta'asa ce ta sa yau sai kwamitin kula da ƙa'idoji ya amince kafin a fara, sai mara lafiya ya sa hannu da son ransa, sannan wani kwamiti mai zaman kansa yana duba sakamako a kai a kai, yana da ikon tsayar da aikin in cutarwa ta bayyana.

Ba zan ce maka sabon ya fi tsohon ba, da an san haka ai da ba a yi gwajin ba. A shekarun 1990 dubban mata masu sankarar mama a Amurka sun sha kemo mai tsananin ƙarfi tare da dashen ɓargo, kowa na ganin an samu mafita. Da aka kwatanta su da masu shan kemo na yau da kullum, sai ga shi bai ƙara musu tsawon rai ba, wahala kawai ya ƙara, wasu ma maganin ne ya yi ajalinsu. Irin wannan gwajin kuma shi ya nuna a 2005 cewa ƙara wani magani mai suna trastuzumab a kan kemo, ga masu nau'in sankarar mama da ake kira HER2, yana rage dawowar cutar da kusan rabi.

To, mai kwana arba'in fa? Wannan ne yake ci mini tuwo a ƙwarya kusan kullum. Mutum ya guje wa gwajin da aka rubuta masa komai a takarda, har illolin da ake tsammani, ya kai kansa wurin wanda bai taɓa gwada haɗinsa a kan ko ɓera ba. Me ke cikin jarkar? Wane awo ne? Mutum nawa suka sha, nawa suka rasu? Ba zai faɗa maka ba, don shi kansa bai ƙidaya ba. Wanda ya ji sauƙin kwana biyu sai a ɗauke shi bidiyo, wanda ya mutu a ce kwana ne ya ƙare. In ana neman inda ake mai da mutum zakaran gwajin dafi, ai can ne, kuma da kuɗin aljihunka.

Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa. Ƙullutun da ke mamanta bai fi kan babban yatsa ba, irin wanda muke sa ran warkewa. Tana jin kalmar "bincike" ta ninke takardar ta cusa a jaka, ta ce za ta yi shawara da gida. Sai bayan wata takwas aka shigo da ita a keken marasa lafiya, wurin ya fashe an ɗaure shi da tsumma, cutar ta kai ƙashin baya. Takardar tana nan cikin jakar, ba a ko warware ta ba. Ba ƙin gwajin ne ya kai ta nan ba. Da ta ce "ba na so, a ba ni na kullum", da mun fara a makon. Wani bincike daga jami'ar Yale da aka buga a 2018 ya gano cewa masu kansar da suka ƙi maganin asibiti suka dogara da wasu hanyoyi kaɗai sun ninka sauran haɗarin mutuwa sau biyu da rabi, a sankarar mama kuwa fiye da sau biyar. Masu yaɗa jita-jitar nan su ji tsoron Allah, rai ne ake magana a kai. Mu likitoci ma muna da laifi: mu danƙa wa mutum shafi ashirin na Turancin asibiti mu ce ya je ya karanta, mun bar wa masu jita-jita fili ke nan.

Ku koma asibitin cikin makon nan, da Mama da kawun naku in zai yiwu. A yi mata bayani da harshen da take ji. Ku tambayi me kowane rukuni zai karɓa, wa zai biya kuɗin sabon maganin da ƙarin awon jini da hoto, wa zai ɗauki nauyi in illa ta faru, da lambar rajistar binciken. In aka ce ku sayi maganin gwajin da kuɗinku, ku dakata ku bincika. Ko bayan sa hannu tana iya janyewa duk ranar da ta so. In ta riga ta fara shan wani haɗi, ku faɗa wa likita ba ɓoye-ɓoye, wasu suna taɓa hanta har su hana a ba da kemo. Kemon bayan tiyata kuwa yana da lokacinsa, cikin 'yan makonni ake son farawa, jinkirin da ya kai wata uku yana rage amfaninsa, ga shi kun riga kun ci wata ɗaya.