Lodi a Motar Kwana

Tambaya: Malam, a Jamus nake, na sayi motar nan mai gado da kicin a ciki, wai da gaske yawan kaya hatsari ne?

Amsa: Sosai ma kuwa ɗan uwa. Lasisin B na Turai, wato lasisin tuƙin ƙananan motoci, iyakarsa kilo 3,500 ne na nauyin motar da lodinta gaba ɗaya, kuma har da kai da iyali da tukunyar gas ake lissafawa, ruwa kaɗai lita 100 kilo 100 ne fa. In lodi ya yi yawa birki ba ya ci da wuri, taya ta ɗau zafi ta fashe, in kuma ka jibga kaya a sama sai motar ta riƙa tangaɗi a kwana. Masu nauyin ka sa su ƙasa tsakanin tayoyin gaba da na baya, ka kai ta sikeli kafin ku kama hanya.