Malam kada ka daina, amma ka ji abin da ya same ni tukuna

Malam sannu da ƙoƙari. Wallahi ina karanta tambayarka na ji kamar ni na rubuta ta, cewa kana tura wa ɗaliban lantarki asainmen ta intanet amma sai su kwafo maka abu ɗaya har waƙafi, shin ka haƙura ka koma allo da alli ne. Ni dai ba zan ce ka daina ba.

Lokacin korona a 2020 na fara, da aka rufe makarantu na buɗe musu gurup a WhatsApp, da aka dawo ma ban bari ba. Wata rana na ce kowa ya shiga YouTube ya kalli yadda ake haɗa suwic ɗaya da ƙwai ɗaya, Talata mu yi firatikal. Ban zaɓar musu bidiyo ba, wannan kuskurena ne na amsa shi. Wani yaro mai ƙwazo da ke zuwa daga Tudun Jukun a keke ya faɗa kan bidiyon wani ɗan Amurka, to ka san su can baƙar waya ce laif, wato mai ɗauke da wuta, fara niyutiral, wato wadda wutar ke komawa ta cikinta, ƙarfin wutarsu ma bolt 120 ne namu 230, mu kuma wayoyin wokshop ɗinmu irin na da ne, ja laif baƙa niyutiral. Yaron nan ya ɗora suwic a kan baƙa yadda ya gani. An kunna ƙwai ya kama, an kashe ya mutu, yara har da tafi, alhali holda, wato mazaunin ƙwan, na nan cike da wuta. Abokinsa ya zare ƙwan zai sa wani, yatsarsa ta taɓa ɗan ƙarfen ciki. Ina ƙarshen benci na ji ƙara, na waiwayo na ga yaro ya bugu da kujera ya zube yana riƙe da hannu, leɓensa na rawa ya kasa magana. Allah ya kiyaye bai wuce firgita da ɗan tabo a yatsa ba, amma ni ranar ko abinci ban iya ci ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne shugaban sashenmu. A gaban ɗalibaina, ba a ofis ba, ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa ga sakamakon malamin WhatsApp nan, an bar koyarwa an koma latsa waya. Mutumin nan sau uku ina kai masa takarda cewa birekar nan mai katse wuta idan ta bi jikin mutum ta lalace tun zangon baya, sau uku Malam, ya ce babu kuɗi. Da tana aiki da kafin yaron ya gama jin ta ta yanke. Bai ambaci wannan ba ko sau ɗaya, ni aka ba takardar gargaɗi, ni na je gidan su yaron na durƙusa gaban mahaifinsa na ba da haƙuri, shi ko a waya bai kira ba. Har yau in mun haɗu a masallaci muna gaisawa amma Allah ya sani zuciyata ba ta sake ba.

Toh maganar kwafa. Duk tambayar da Google zai amsa to za su kwafa, ka daina ce musu su kawo ma'anar dokar Ohm. Ni yanzu cewa nake kowa ya ɗauko hoton rubutun jikin dutsen guga ko fanka ko firij na gidansu ya lissafo min amfiya nawa yake ja. Dutse mai wat 1000 a kan 230 ya kama 4.3 da ɗan ɗoriya, na wani 1200 ne, ka ga ba mai kwafar wani. Sannan ya yi min bayani da muryarsa na minti ɗaya, da Hausa ma na yarda, nan take za ka gane wanda ya fahimta. Amma ka ja musu kunne sosai, hoto kawai, kada wanda ya buɗe allon bireka na gida ko ya kwance soket da sunan asainmen.

Bidiyo kuwa kai za ka kalla tukuna ka sauke ka tura. Ka fara koya musu kala kafin komai, da tsohuwar ja da baƙa da sabuwar ruwan ƙasa da shuɗiya, don duka biyun za su tarar a gidajen mutane, kuma testa ce alƙali ba kala ba. Akwai PhET, wani shafin gwaje-gwajen kimiyya na Jami'ar Colorado, kyauta ne, suna haɗa batir da ƙwai da suwic a waya su ga yadda shot, wato wuta ta yanke hanya ta tsallake ƙwai, ke faruwa ba tare da an ƙona komai ba.

Kuma don Allah kada ka sa wa'adi ƙarfe 12 na dare. Akwai yarinya a ajina da wayar yayanta take amfani sai ya dawo daga kasuwar Sabon Gari, wani kuma sai ya kai caji shago, ga data. Na haɗa su huɗu huɗu bisa unguwa, 'yan Gyallesu daban 'yan Samaru daban, kowane rukuni da mai babbar waya ɗaya. Ni abin da ma ke damuna yanzu yaran da suka iya zana da'ira tsaf a waya amma ka miƙa musu filaya su fere wayar wuta mai kaurin 2.5 sai sun cinye rabin tagullar, wannan kam sai a benci.

In kana so ka min magana ta gefe in turo maka tambayoyin da nake ba su. Gobe kuma kafin yara su shigo ka danna maɓallin gwajin birekar wokshop ɗinku ka ga ko tana faɗuwa, in ba ta faɗi ba ka rubuta takarda ka ajiye kwafi a wajenka.