Ku Tambayi Yaya: Zama a Montenegro, ƙasar da ba'a sauri

Tunda na yi suɓul da baka wancan satin nace na taɓa zama shekara huɗu a Montenegro, wasiƙu suka yi min rubdugu, wasu ma sai da suka tambaya wai a Kudancin Amurka take ko? A'a, a yankin Balkan take, tana kallon Italiya ta tsallaken tekun Adiriyatik, maƙwabtanta Kuroshiya da Bosniya da Sabiya da Kosobo da Albaniya. Su da bakinsu Crna Gora suke ce mata, wato Baƙin Dutse, kuma wallahi sunan ya dace. Duka duka mutanen ƙasar dubu 620 ne da ɗan ɗoriya. Na zaɓi wasiƙu huɗu.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Wani ejan ne yace zai samo min aikin otal a garin Budva, in na yi wata uku sai in tsallaka Jamus tunda duk Turai ce kuma kuɗinsu ɗaya. Har na fara cigiyar mai sayen babur ɗina. Dan Allah gaskiya ne? (Wani matashi, yace kar a sa sunansa)

AMSA: Ƙanena riƙe babur ɗinka tukuna. Ejan ɗin nan ya haɗa maka gaskiya ɗaya da ƙarya biyu ya dama maka. Gaskiyar ita ce eh, yuro suke kashewa, tun 2002 suka ɗauke shi da kansu ba tare da sun shiga ƙungiyar masu kuɗin ba, kafin nan ma da mak ɗin Jamus suke ciniki. Amma basa cikin Tarayyar Turai, tun 2012 ake tattaunawar shigarsu, kuma basa cikin Shengen, wato ƙasashen Turai da biza ɗaya take shiga da kai dukkansu. Katin zama na Montenegro a Montenegro kaɗai yake aiki. Daga Herceg Novi zuwa boda da Kuroshiya tafiyar mintuna ce a mota, zakaga ƙasar da idonka, amma in babu bizar Shengen a fasfonka nan za'a juyo da kai, in kuma ka bi daji aka kama ka toh ka yi asarar nan ka yi asarar can.

Aikin otal akwai shi, ban musa ba. Daga Yuni zuwa Satumba bakin teku cika yake maƙil da masu yawon buɗe ido, Budva da Kotor da Bar da Ultsin duk neman hannu suke a kicin da wanki da gyaran ɗakuna. Sai dai yadda abin yake tafiya, mai otal ne yake ɗaukarka a rubuce, da wannan takardar ake nema maka izinin zama da aiki, wanda kowa yake kira boravak, kuma baya wuce shekara ɗaya, sannan a ɗaure yake da aikin da aka baka shi dominsa. Dan haka kace wa ejan ya nuna maka sunan otal ɗin da kwantiragi, ka nemi lambar otal ɗin da kanka a intanet ka kira su. In ya fara kame-kame yana cewa ai in ka sauka za'a gyara komai, ka san inda aka dosa.

Albashi mafi ƙaranci tun Oktoban 2024 yuro 600 ne, aikin da yake buƙatar digiri 800. A kunne da daɗi. Amma in ba'a baka ɗaki da abinci ba, hayar bakin teku a lokacin zafi kaɗai zata lashe kuɗin, kuma da an shiga Oktoba garin sai ya zama kamar an yi shara, otal-otal su rufe, gidajen abinci su kifa kujeru, kai kuma kana nan da sanyi da aljihu.

Sai maganar takardu, wadda ita ce rabin rayuwar baƙo a can. Cikin awa 24 da shigarka dole a yi maka rajistar inda ka sauka, in otal ne su zasu yi, in gidan wani ne kai zaka je ofishin yawon buɗe ido a baka wata ƴar takarda da ake kira bijeli karton, farin kati. Ni nan da ganganci na ci wuya a kanta, na tashi daga otal na koma ɗakin wani abokin aikina ban sake rajista ba, ina ganin ai ƙaramin abu ne, ranar da na je kai takardun boravak matar ta duba ta duba ta ɗago ta kalle ni ta saman tabarau tace ina ka kwana kwana tara? Na rasa bakin magana. Kuma duk takardar da ka zo da ita, ta makaranta ce ko ta shaidar baka da laifi a ƙasarku, sai tafinta mai rantsuwar kotu ya fassara ya buga hatimi. Su kansu ƴan ƙasar suna da barkwanci akan haka, fali ti jedan papir, wato saura takarda ɗaya, dan duk yadda ka cika fayil sai ance ka dawo gobe. Sabuntawa kuma ka kai aƙalla kwana 30 kafin katin ya ƙare, kar ka ce sai ranar.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Maigidana ya samu aiki da wani kamfanin gine-gine a Podgoritsa, shekara biyu, yana so mu biyo shi da yara biyu. Ni tsorona sanyi da abinci da makarantar yara. Ya zaman yake ga mace mai iyali? (Wata uwa)

AMSA: Hajiya lafiya lau, Allah ya sanya alheri. Ke naki da sauƙi tunda akwai izinin zama na haɗa iyali, takardar aure da na haihuwar yara kawai ki tabbatar an fassara an buga hatimi.

Sanyi kike tsoro amma bari in fara miki da zafi, dan Podgoritsa, babban birnin ƙasar, a kwari take duwatsu sun zagaye ta, Yuli da Agusta wani lokacin sai ta haura digiri 40, da rana tsaka titi fayau kowa ya gudu teku ko ya hau dutse. Jirgin ƙasa zuwa Bar kamar awa ɗaya ne, yana ratsa tafkin Skadar, yara zasu so shi. Sanyin garin kuma ba na ƙanƙara bane sosai, wannan sai arewa su Jabliyak da Kolashin. Na Podgoritsa ruwa ne, daga Nuwamba a yi ta zuba kwana da kwanaki, ƙarfe huɗu da rabi duhu ya yi, in ruwan ya ɗauke iskar arewa ta taso tana shiga ƙashi. Abin da ba wanda ya gaya min shi ne yawancin gidajen basu da bututun ɗumama gida irin na Jamus, da na'urar sanyaya ɗaki ake ɗumama shi, klima suke ce mata, a juya ta ta hura zafi, sai falo ya yi ɗumi ɗakin kwana kamar firij, kuɗin wutar Janairu kuma ya zo ki riƙe baki. In kun je duba gida ki ja kabad ki leƙa bayanta, ki duba kusurwar silin. In kinga baƙi-baƙi ko fenti sabo a waje ɗaya kawai, danshi ne aka rufe, ku wuce. Gidana na farko takalman fata na biyu sai da suka yi furfura a cikin kabad. Kuma ki ce wa maigida ya tabbatar mai gidan zai yarda a rubuta haya a hukumance, wasu basa so saboda haraji, ku kuma da wannan takardar za'a baku boravak.

Akwai wani abu da zai baki dariya, promaja. Iskar da take ratsawa in an buɗe taga da ƙofa lokaci ɗaya. Sun yi imani tana kawo ciwon wuya da na kunne da shanyewar fuska, maƙwabciyata wata tsohuwa in ta shigo ta ga tagogi biyu a buɗe kafin ta gaishe ni ta rufe ɗaya, ko da kuwa gumi muke. Haka in ta ga yaro ba safa a kan tayil faɗa zata yi miki kamar jikanta ne. Ki karɓa da hannu biyu, kulawa ce.

Cefane ki riƙa zuwa pijaca, kasuwarsu ta kayan gwari, tumatir da tattasai da kabeji da albasa da cuku na ƙauye duk sun fi na manyan shaguna irin su Voli da Idea, kuma in kika riƙe mace ɗaya kina saye wajenta sati uku zata fara miki gyara. Garin masara ko'ina akwai, da shi suke yin kachamak, tuƙa shi ake da dankali a zuba cuku da kaymak, wato kirim ɗin madara, ranar da na fara ci sai da na yi shiru na ɗan lokaci. Abincinsu dai ba yaji, abin da zasu ce miki yana da zafi ɗanki ma zai cinye, dan haka ki taho da busassun kayan miyarki. Ki kuma yi cefanen Lahadi tun Asabar, a 2019 aka yi dokar rufe shaguna ranar Lahadi, ni sau biyu ina wuni da burodin gidan biredi da shayi.

Makarantar gwamnati kyauta ce, firamarensu shekara tara daga ɗan shekara shida, amma da yarensu ake koyarwa kuma haruffa iri biyu ake koya, na Latin da na Siriliki. Ƙananan yara wata shida sun kama, su zasu riƙa yi miki tafinta. Masu Turanci masu zaman kansu ne kuma da tsada, in kamfanin zai biya toh.

TAMBAYA: Malam akwai musulmi kuwa a can? Ya ake da sallah da nama? (Wani dattijo, ɗansa zai tafi karatu)

AMSA: Baba akwai, kusan kashi 20 cikin ɗari, Boshniyawa da Albaniyawa mafi yawa, tun zamanin Daular Usmaniyya ta Turkawa. Rojaye da Plav da Gusinye da Ultsin garuruwan musulmi ne, kiran sallah kamar a gida. A Podgoritsa ya nemi tsohuwar unguwa Stara Varosh kusa da hasumiyar agogo, akwai masallatai biyu a nan, sannan ga Tuzi ba nisa inda makarantar Islamiyya take.

Ƴan Hanafiyya ne, kar ya ga bambanci ya tada hankali. Wutiri raka'a uku suke yi a haɗe, nafila kafin farilla da bayanta basa wasa da ita, an idar kuma ba'a watsewa sai an yi tasbihi tare, zai ga ana cillo masa carbi daga gefe ta kan kafet, ya ɗauka kawai. Ya sa safa, shiga masallaci ƙafa tsirara basa jin daɗinsa. Sallar Idi kuma Bairam suke ce mata.

Nama shi ne wurin lura, dan naman alade a cikin komai yake, kuma busasshen cinyar alade na ƙauyen Nyegushi, prshut, shi ne abin alfaharinsu da ake fara miƙa wa baƙo tare da rakiya, giyar da suke dafawa a gida. Ya haddace kalmar svinjetina, naman alade kenan, ya riƙa duba bayan kwali, niƙaƙƙen nama ma sau da yawa gauraye ne. Mahautan musulmi suna nan, ya tambaya a masallaci za'a nuna masa. In ya ce shi musliman ne, wato musulmi da yarensu, ba mai jin haushi, sun saba, za'a kawo masa kofi da ruwan ƴaƴan itace.

TAMBAYA: Yaya baƙar fata fa? Ba'a tsangwama? (Wata ɗaliba)

AMSA: Ƙanwata kallo kam za'a kalle ki, musamman in kin bar bakin teku, wani lokacin sai in yi sati ban ga baƙi ɗan uwana ba. Ni duk tasi ɗin da na shiga sai an tambaye ni wace ƙungiya nake bugawa ƙwallo, da tumbin nan nawa. Sau ɗaya wasu samari suka yi min ihun banza daga mota, ya ɓata min wuni, ba zan ɓoye miki ba. Tsofaffi kuma sai su tare ki da labarin ɗaliban Afirka na zamanin Tito, shugaban tsohuwar Yugoslabiya, lokacin Podgoritsa ma Titograd ake kiranta, har 1992. A Ultsin an yi baƙaƙen da suka zauna tun zamanin Turkawa, bayi aka kawo kakanninsu ta teku, har yau akwai dandalin da ake kira dandalin bayi a tsohon garin. Na tsaya a wajen na daɗe.

Abin da yafi kallo ciwo kaɗaici ne, kuma maganinsa kofi. In ance miki zo mu sha kofi kar ki ce kina sauri, kofi ɗaya ɗan mitsitsi awa biyu ake a kansa, a nan ake samun gida da aiki da mai gyaran famfo da wanda ya san wani a ofis. Watana na farko shanyewa nake a kurɓi biyu in miƙe, abokin aikina wani dogo kamar falwaya, dama su dogaye ne, ya riƙo hannun rigata yace polako, wato a hankali. Ki koyi dobar dan da hvala, barka da rana da na gode, sai wannan polako ɗin, dan mai gyaran klima ma da yace min ranar Talata wai gobe zai zo, sai Juma'a na ganshi, ya zauna ya sha kofi tukuna sannan ya tambayi ina na'urar take.