Amsa: inda ya kamata a jona ƙarin fitilu a babur

Salamu alaikum. Ɗan'uwanmu ya ce ya ƙara wa Boxer ɗinsa fitilun LED biyu saboda yana bin hanyar Shika da dare, an jona masa su a wayar babbar fitila, yanzu suna ta ƙifce-ƙifce idan mashin na silo, ɗaya ma ta mutu. Yana tambayar ina ya kamata a jona.

Malam, matsalar tana wurin da aka ɗebo wutar. A yawancin ƙananan baburan da muke hawa, babbar fitila daga kwayil ɗin da ke samar da wuta a cikin inji take shan wuta kai tsaye, wato AC, wadda ke ƙaruwa in ka ja totur, ta faɗi in ka saki. Buɗe makulli ba tare da ka tayar da inji ba. In babbar fitila ba ta kama ba, galibi daga kwayil take. Ita kuwa LED wutar batir take so, DC mai tsayawa wuri ɗaya. Shi ya sa take ƙiftawa, kuma hawa da saukar nan ne ke kashe ta.

Saboda haka a ɗebo daga batir, amma ta hanyar fiyus da rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunna shi. Rilen 12V mai ƙafa huɗu ya isa, kuma akwai shi a shagunan kayan gyara na Sabon Gari. Ka duba gindinsa, za ka ga lambobi. Ƙafa ta 30 ita ke karɓar waya daga kan batir mai alamar +, kuma a kan wayar nan ake saka fiyus, dab da batir, kada ya wuce santimita 15. Dalili shi ne duk guntun wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da kariya. In ya goge a jikin ƙarfe, narkewa zai yi. Ƙafa ta 87 ta tafi fitilu. Ta 85 ta tafi as, wato jikin shasi da ke haɗe da kan batir mai alamar -. Ta 86 kuma ta bi ta makunnin da za ka ɗaura a hannu, shi makunnin ya samu wuta daga wayar da ba ta kawowa sai an buɗe makulli. Da haka, ko ka manta fitilun a kunne, ko yara sun taɓa makunnin a zaure, batir ba zai kwana yana zuba ba.

Kada ka dogara da kalar waya. A baburan da suka bi tsarin Honda, kore as ne, baƙi kuma wutar bayan makulli, amma a wasu kamfanonin baƙin ne as. Gwada da mita ko ƙwan gwaji.

Lissafin fiyus ba wuya: raba wat da 12. Fitila biyu masu wat 10 kowacce sun zama wat 20, kusan amp 1.7, fiyus na 5A ya yi. Wayar 1.0mm ta ɗauka, 1.5mm ta fi kwanciyar hankali. Kankare bakin wayar kafin ka saya. In cikinta ya fito fari, alminiyam ne aka shafa wa tagulla, bar musu abinsu.

Sai jonin kansa, inda aka fi yin ganganci. Fere waya, murɗe ta da yatsa, a naɗe da baƙin tef, wannan aikin kwana kaɗan ne. Zafin Maris da Afrilu yana narkar da gam ɗin tef ya warware, damina ta zo ruwa ya shiga, tagullar ta yi kore, wurin ya fara zafi. Ko dai a matse da kan joni na ƙarfe da filayar matsewa, ka ja da ƙarfi ka ga bai zare ba, ko a narka dalma a kai sannan a zura robar nan mai tsukewa idan an gasa ta. Dalma tana sa wurin ya sandare, girgiza kuma tana karya shi daga gefe, don haka a ɗaure bayansa a jikin shasi. A kan batir, kan joni mai zobe za a sa a ƙarƙashin noti, ba a cusa silin waya ba.

As ɗin fitilun kada a barshi a kan ƙarfen gaba, domin sai ya ratsa ta boris ɗin wuya kafin ya koma batir. Jawo masa waya zuwa shasi, a goge fentin wurin da samfefa. A wuyan kuma a bar wa wayoyi sarari: karya kan mashin dama da hagu har ƙarshe, ka tabbata babu inda suka ɗame ko suka taɓa kan inji.

Bayan an gama, kunna komai, ja totur kaɗan, sa mita a batir. In ka ga 13.5V zuwa 14.5V, caji na kamawa. In ya tsaya ƙasa da 13V, fitilun sun fi ƙarfin kwayil, sai a rage wat. Kuma don Allah a sunkuyar da su ƙasa, kada su dallare wa mai tahowa ido.