Tambaya da Amsa: Ina zan kai uwargida cin abinci ranar haihuwarta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata mai zuwa ne zagayowar ranar haihuwar maiɗakina, kuma ina so in fita da ita cin abincin dare mu biyu, ba yara, ba dangi. A Kano muke. Wane irin wuri zan nema, kuma me zan shirya tun da wuri?
*Wani magidanci, Hotoro, Kano*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara danƙon ƙauna. Ba za mu ba ka sunan wani gidan abinci ba, domin wurin da ya yi suna bana yana iya canza kuku baɗi, girki ya lalace. Za mu ba ka ma'aunin da za ka auna kowane wuri da shi.

Abu na farko shi ne kunne, ba ido ba. Wurin da za ku zauna sai kun ɗaga murya kafin ku ji juna ya faɗi jarrabawa, ko da kujerunsa na zinariya ne. Abubuwa uku ke kawo hayaniya: inji, kiɗa da talabijin. Na ukun shi aka fi mantawa. Gidajen abinci da yawa suna nuna ƙwallo. Asabar da Lahadi ranakun gasar Firimiya ce ta Ingila, Talata da Laraba kuma ana buga gasar zakarun Turai da ƙarfe 8 ko 9 na dare agogon Najeriya, daidai lokacin da abincinku zai iso. Duba jadawalin wasa kafin ka tsayar da rana, ko ka nemi wurin da babu talabijin ko kaɗan.

Ta fuskar unguwa, Nassarawa GRA da Bompai sun fi dacewa da abin da kake nema: tituna masu bishiyoyi, wurin ajiye mota a cikin harabar gida, da gidajen abincin Larabawan Labanan, Indiya da Sin. Titin Zoo yana da wuraren ci birjik, amma cunkoson yamma da hada-hadar matasa sun fi dacewa da fitar iyali da yara.

Sai ka je da ƙafarka. Gani ya kori ji, hoton Instagram kuwa da rana ake ɗaukarsa, lokacin da babu kowa. Je ka mako guda kafin ranar, a irin ranar kuma a irin lokacin da za ku zo. Sayi shayi ko lemo, ka zauna minti ashirin. Lura da tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a kula ka. Leƙa banɗaki, don tsabtarsa tana ba da labarin kicin. Tambayi inda mata ke salla. Sannan ka nuna teburin da kake so da yatsa, a rubuta sunanka a kansa: na kusurwa, nesa da ƙofar kicin da ta banɗaki, kuma ba ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki ba, don iskarta na sandarar da abinci cikin 'yan mintuna. Teburi mai kujera huɗu ya fi mai biyu, saboda farantai, kek da jakar Hajiya duk suna bukatar wuri.

Lambu ko cikin ɗaki? Wata ne ke yanke hukunci. Daga Maris zuwa Mayu zafi ba ya sauka ko da dare, ka zauna ciki. Da damina, musamman Yuli da Agusta, hadari na iya tasowa kuna tsakiyar ci, ga sauro. In ka nace sai lambu, ka tabbata akwai rumfa da teburin ko-ta-kwana a ciki. Disamba da Janairu ƙurar hunturu ce da sanyi. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ne lambu ke da daɗi sosai.

Lokaci kuma, ka tsara shi da salla. Ku yi Magariba a gida, ku fito, ku isa wajen bakwai da rabi. In kun wuce ƙarfe tara, za ka fara jin "wannan ya ƙare", kuma gasasshen kifi da gashin nama kan ɗauki rabin awa ko fiye. In ba ka da mota, ka shirya wanda zai ɗauko ku, domin adaidaita sahu na wuyar samu bayan ƙarfe goma.

Maganar kuɗi: farashin da ke kan takardar jerin abinci sau da yawa ba shi ne abin da za ka biya ba. Akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ya fara aiki a 2020, wasu wurare kuma suna ɗora kuɗin hidima na kashi 5 zuwa 10. Abincin naira 40,000 zai iya komawa 47,000: dubu uku haraji, dubu huɗu hidima. Tambaya tun ranar da ka je dubawa ko an riga an haɗa su. Ka riƙe tsabar kuɗi a aljihu ko da za ka biya da kati, don POS na ƙin aiki, tiransifa kuma na maƙalewa, kuma babu abin da ke ɓata dare kamar a tsaya a bakin kanta ana jiran alat uwargida na kallo.

Abu na ƙarshe: ranar haihuwarta ba ranar gwaji ba ce. In ba ta saba da abincin Indiya ba, kada ka fara mata da shi ranar. Gidan Labanan ya fi saukin sha'ani, tunda gashin nama, kaza, shinkafa da gurasa ba baƙon ɗanɗano ba ne a bakin Bakano.

Tambaya: Ni a Abuja nake, maigida ne zai cika shekara arba'in. Ina so in ba shi mamaki, amma ina tsoron in kai shi inda ake shan giya ya ji haushi.
*Wata uwargida, Gwarinpa, Abuja*

Amsa: Hajiya, tsoronki na kan hanya, domin Abuja ba Kano ba ce. Yawancin manyan gidajen abinci na Wuse 2, a titin Aminu Kano da na Adetokunbo Ademola, da na Maitama, suna da sashen giya, wasu da shisha, wasu kuma bayan ƙarfe goma na daren Juma'a sai su rikiɗe su koma gidan rawa. Ki buga waya ki yi tambaya uku ƙarara: ana sayar da giya? Ana dafa naman alade a kicin ɗin? Ana zuba giya a girki? Ta ƙarshen tana da muhimmanci a gidajen abincin Sin da na Italiya, inda ake zuba ta a miya ko a romon taliya ba tare da an rubuta ba. In amsar ba ta gamsar da ke ba, nemi wurin da ke da keɓaɓɓen ɗaki, ko ki mayar da fitar ta zama ta rana. Gefen tafkin Jabi yana da kyau da la'asar sakaliya, amma a ranakun aiki. Asabar da Lahadi mutane sun yi yawa.

Game da ba da mamakin, ki ɓoye wurin, kada ki ɓoye fitar. Ki sanar da shi kwana biyu kafin nan cewa daren nan naki ne, don kada ya ci abinci a waje ko ya ɗauki alkawarin wani taro. Kuma ki auna halinsa: magidanta da yawa ba sa son ma'aikata su kewaye su da tafi da waƙa a gaban baƙi. In irinsu ne, ki ce a kawo kek shiru, a ajiye, a tafi. Kuɗin ma ki biya a gefe kafin a kawo takarda teburi, in ba haka ba zai rigaki zura hannu aljihu.

Tambaya: Zan iya zuwa da kek ɗina daga waje?
*Wata amarya, Tarauni, Kano*

Amsa: Mafi yawan wurare suna yarda, amma wasu suna karɓar kuɗin yanka, don haka a tambaya tukuna. Mai faɗin inci shida ya ishi mutum biyu har a koma gida da saura. In na bota ne, kada a bar shi a mota, zafi zai narkar da adon kafin ku isa. A kai shi da la'asar a sa a firij ɗinsu, a rubuta suna da lambar teburi a jikin kwalin, don a dare ɗaya ana iya samun kek uku a firij guda. Ki zo da kyandir da ashana naki, ki kuma faɗa wa wanda zai yi muku hidima, shi kansa ba manaja kaɗai ba, cewa sai an kwashe farantai za a fito da shi.