Na riƙe hannun matata a bakin teku a Jidda sannan na yi magariba, sallata ta yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Daga Ƙofar Ƙaura nake a Katsina. Mun je umara ni da iyalina a watan Yuli, da muka gama muka sauka Jidda kwana 2 kafin jirginmu. Da rana ba a iya fita saboda zafi, sai da la'asar sakaliya muka fita bakin teku wajen da suke cewa Kornish, muka ci kifi da jatan lande muna kallon ruwan nan na Sarki Fahad da yake tsiri sama, na riƙe hannunta muna tafiya wallahi Malam na ji wani daɗi a raina kamar ranar da aka kawo min ita. Daga nan muka hau tasi muka samu magariba a masallacin Rahma da aka gina kan ruwa, da alwalar da muka fito da ita. Abokin tafiyarmu ya ce sallarmu babu tunda na taɓa ta.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya karɓi umara. Fita da iyalinka shan iska halal ne, jatan lande ma duk abin da ya fito daga ruwa a wajen Malikiyya ana ci, wannan ba sai mun tsaya ba.

Inda na tsaya shi ne maganarka ta cewa ka ji daɗi a ranka, don nan hukuncin yake. Wane irin daɗi? In farin ciki ne na mutumin da Allah ya kai shi ɗakinsa ya yi ɗawafi, ga iskar Bahar Maliya ga uwar 'ya'yansa a gefe, to wannan natsuwa ce da tausayi, alwalarka tana nan daram. In kuwa daɗin nan ne da namiji ya sani, na sha'awa, ko ka riƙe hannun don ka ji shi ko da ba ka ji ba, alwala ta tafi, ka rama magariba raka'a 3 da duk sallar da ka ƙara da wannan alwalar. Abin da muka karanta kenan tun a Ahalari da Risala a zaure. Ita kuma hukuncinta daban, ka tambaye ta cikin hikima, in ba ta nufa ba kuma ba ta ji komai ba sallarta ta yi ko da taka ba ta yi ba.

Shi abokinka ba daga kansa ya ƙago ba, ra'ayin Imamu Shafi'i ne cewa da fatar namiji ta haɗu da ta macen da ba muharramarsa ba, ko da matarsa ce, shikenan alwala ta karye, kuma da shi mutanen Indunusiya da Malesiya suke aiki, shi ya sa za ka ga wasunsu suna ta kaffa-kaffa a cunkoson ɗawafi. Hujjarsu "au lamastumun nisa'a" a Suratul Ma'ida aya ta 6. Amma ni ban gamsu ba. Ibn Abbas, wanda Annabi (SAW) ya roƙa wa sanin fassara, ya ce saduwar aure ake nufi a nan. Sannan Nana A'isha ta ce tana kwance a gaban Annabi yana sallar dare ƙafafunta ta wajen alƙibla, in zai yi sujada sai ya taɓa ta ta janye, wannan yana Bukhari da Muslim, kuma a Muslim ta laluba cikin duhu hannunta ya sauka a tafin ƙafarsa yana sujada bai yanke sallah ba. Masu wancan ra'ayi sukan ce ai ta bayan tufa ne, to a ɗakin da ita da kanta ta ce babu fitila wa ya tabbatar da tufan? Sukan ce shi kaɗai aka keɓe da wannan, keɓancewa kuwa sai da dalili. Kuma a ce abin da ke faruwa a kowane gida kullum, miƙa kwano, karɓar yaro, yana karya alwala amma Annabi bai taɓa faɗa wa sahabbai a fili ba, da nauyi ƙwarai. Don haka ko abokin naka yana bin wannan ra'ayi, bai kamata ya yanke muku cewa sallah babu ba.

Sai abin da ba ka tambaya ba. In kun ɗauki hotuna, kuma na san kun ɗauka, su zauna a waya, kar a wayi gari iyalinka tana yawo a Facebook da TikTok. Sannan ɗan'uwa, kar ya zama sai an biya kuɗin jirgi an kai ka Jidda kake tuna ranar da aka kawo ta. Ban ce ka riƙe hannunta a Ƙofar Soro ko gaban surukai ba, mu Katsinawa muna da kunyarmu kuma tana da kyau, amma cikin gida bayan isha'i a shimfiɗa tabarma a tsakar gida ka shigo da tsire da fura mai sanyi ku zauna, wa ya hana? Annabi har tsere ya yi da Nana A'isha a hanyar tafiya.

In ka duba zuciyarka ka kasa tantance wane daɗin ne, yi alwala yau ka rama raka'a ukun nan kar waswasi ya samu wurin zama. Wallahu a'alam.