Rago ɗaya a gidan mata biyu: layya ta yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Zinder, matana biyu da yara bakwai. Mun saba kowace Babbar Salla in yanka rago biyu, kowace mace da nata, a kuma yi wa yara anko. Bana kasuwa ba ta yi ba, sai dai in ci bashi. Idan na yanka ɗaya, aka bar ankon, na tauye wa iyalina haƙƙi ko na rage ladan layya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, ragon nan ɗaya ya isar maka da gidanka duka, kuma babu haƙƙin kowa a wuyanka.

A mazhabar Imamu Malik da muke kai a Damagaram, layya sunna ce mai ƙarfi a kan mai iko. Shehu Halil ya sa mata sharaɗi a littafinsa na fiƙihun Malikiyya, Mukhtasar: kada ta cutar da mai yin ta. Masu sharhi suka ce ma'anarsa kada ya zama yana buƙatar kuɗin dabbar don lalurorinsa na wannan shekara. Wanda zai sayi rago alhali buhun hatsin gida ya kusa ƙarewa, ga damina ba ta kai ga girbi ba, wannan sunnar ba ta hau kansa ba tun farko.

Maganar rago biyu kuwa, Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Abu Ayyub al-Ansari, Allah ya yarda da shi, cewa sun kasance mutum na yanka akuya ko tunkiya ɗaya don kansa da mutanen gidansa, daga baya mutane suka shiga alfahari da juna har abin ya koma gasa. Sahabi ne ke wannan kuka, tun a wancan zamani. To ina ga mu da ake ɗaure rago a ƙofar gida mako guda kafin salla don masu wucewa su auna ƙahonsa? Allah ya faɗa a Suratul Hajji, aya ta 37, cewa naman da jinin ba sa kaiwa gare shi, taƙawarku ce ke kaiwa.

Sai dai ka kiyaye yadda ake yi. A wurinmu ba a haɗa kuɗi a sayi dabbar layya. Abin da ya halatta shi ne kai mai dabbar ka shigar da iyalinka cikin lada, da niyya, kafin ka sa wuƙa, matuƙar suna zaune tare da kai kuma kai ke ciyar da su. Idan rago ya fi ƙarfinka, tunkiya ta yi, akuya ma ta yi in ta cika shekara ta shiga ta biyu kuma ba ta da aibi. Kwanakin yanka uku ne, 10 da 11 da 12 ga Zulhajji, da rana, kuma ranar farko sai bayan liman ya yanka nasa. Wanda bai samu ba ranar idi yana iya komawa kasuwa washegari.

Bashi mai ruwa haramun ne, ko don layya. Marar ruwa malamai sun saɓa a kansa ga wanda ke da hanyar biya, amma a halinka ban ga dalilin ci ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ran mumini na rataye da bashinsa har sai an biya.

Anko al'ada ce. Abin da ake so ranar idi wanka da turare da mafi kyawun tufafin da mutum ke da su, ko ba sababbi ba. Kai da keken ɗinki ke hannunka, gyara na bara ba zai gagare ka ba.

Inda nake ji maka tsoro wuri ɗaya ne: adalci. Kada uwargida ta ji labari a bakin amarya. Tara su ka faɗa musu tare, tun da sauran kwanaki, kuma da an sauke naman daga wuta a raba a gabansu, a fitar da na surukai ɓangare biyu daidai, da na maƙwabcin da bai yanka ba. Fatar kuma ba a sayar da ita, ba a biyan mahauci da ita. Ku yi amfani da ita ko ku bayar sadaka.

Wallahu a'alam.